INUWAR SANDA: ƊIGON AWO DA LAYIN LISSAFI

Kimiyya da lissafi, aji shida

1. Gardama a bakin rijiya

A wani ƙauye kusa da Dogondutsi akwai makaranta mai aji shida. Bayan makarantar akwai rijiya da ɗan lambu, inda yara suke shuka salati da tumatir da zogale lokacin ɗari. Jan ruwa da guga yana cinye musu lokaci. Saboda haka iyayen yara suka yi shawara su haɗa kuɗi, su sayi fanfo da farantin hasken rana, wanda mutane suke kira sola.

Tun kuɗi ba su cika ba gardama ta tashi. Ina za a fuskantar da farantin? Wani dattijo ya ce gabas, tunda can rana take fitowa. Magini ya ce a shimfiɗa shi kwance bisa rufi, ya dubi sama. Wani manomi ya ce arewa, don ya lura idan yana noma da rana tsaka, inuwarsa kudu take faɗuwa. Wani da ya yi ci rani ya ce duk farantan da ya gani a birni kudu suke kallo, amma bai san dalili ba.

Malamin aji shida yana zaune yana saurare. Da aka tambaye shi, sai ya ce: "Iyayena, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ku ba yaran nan shekarar karatu ɗaya. Kafin kuɗi su cika za su auna rana, su kawo muku amsa a rubuce."

Aka yi dariya. Dattijon ya ce: "Malam, da wane tsani za su hau su auna ta?"

Malam ya ce: "Baba, ba sai sun hau ba. Inuwa za su auna."

2. Sanda da zare

A watan Oktoba, bayan komawa makaranta, yara suka share wani fili a tsakar makaranta, nesa da itace da bango. Suka daɓe shi. Suka aje faranti cike da ruwa a tsakiya, suka ga ruwan bai karkata gefe ɗaya ba. Fili ya daidaita ke nan.

Suka kafa sandar ƙarfe, don gara ba ta cin ƙarfe. Suka bar santimita 100 daidai a bisa ƙasa. Magini ya ara musu zarensa mai nauyi a baki. Suka sake shi kusa da sandar, suka duba ta gabas, suka duba ta kudu, har sanda ta tsaya cak kamar zaren.

Malam ya nuna musu yadda ake awo. Da hantsi inuwa doguwa ce, tana kallon yamma. Tana ta raguwa har rana ta kai tsakar ka. Daga nan sai ta fara ƙaruwa wajen gabas. Kowane minti goma, yaro ɗaya yana kafa tsinke a bakin inuwa. Tsinken da ya fi kusa da gindin sanda shi ne na rana tsaka. Shi ake aunawa, a rubuta cikin littafin aji tare da kwanan wata, da wajen da inuwa ta faɗi: arewa ko kudu.

Ba kullum ake samun awo ba. Wata rana hutu ne. Wata rana ƙurar hunturu ta rufe sama, inuwa ba ta fita. Zuwa tsakiyar Fabrairu aji ya tara awo biyar:

28 ga Oktoba: santimita 52, arewa
14 ga Nuwamba: santimita 61, arewa
12 ga Disamba: santimita 75, arewa
16 ga Janairu: santimita 70, arewa
13 ga Fabrairu: santimita 59, arewa

3. Abin da lissafi ya faɗa

Wata safiya Malam ya ce: "Akwai hanyar sanin tsawon inuwar nan ba tare da an fita fili ba. Lambobi biyu kawai ake bukata."

Ta farko ita ce lambar gari. Masana sun raba duniya biyu da wani layi na tsakiya, rabi arewa, rabi kudu. Nisan kowane gari daga layin nan ana faɗinsa da digiri. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne. Dogondutsi yana digiri 13,6 arewa da layin. Wannan lamba ba ta sakewa.

Ta biyu ita ce lambar rana. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, kuma a karkace take tafiya, karkatar digiri 23,4. Saboda haka wurin da rana take tsayawa daidai bisa kan mutane yana tafiya. Wajen 21 ga Yuni yana digiri 23,4 arewa da layin tsakiya. Wajen 21 ga Disamba yana digiri 23,4 kudu. A Maris da Satumba yana bisa layin kansa. Masu ilimin taurari sun rubuta wannan lamba ta kowace ranar shekara.

Ranar 21 ga Disamba, gari yana arewa, rana tana kudu. Sai a haɗa: 13,6 + 23,4 = 37. Da rana tsaka, rana ta karkata digiri 37 daga tsakar ka zuwa kudu, inuwa kuma ta faɗi arewa.

Ranar 21 ga Yuni, rana ta wuce garin ta yi arewa. Sai a ɗebe: 23,4 − 13,6 = 9,8. Rana ta karkata digiri 9,8 zuwa arewa, inuwa ta faɗi kudu.

Yaya digiri zai koma santimita? Kowane yaro ya ja layi tsaye na santimita 10 a takarda. Wannan ita ce sanda. Ya ja layi kwance a gindinta. Wannan ita ce ƙasa. Ya aza ma'aunin kusurwa a kan sandar, ya buɗe digiri 37, ya ja layi har ƙasa. Wannan shi ne hasken rana. Da suka auna daga gindi zuwa inda hasken ya taɓa ƙasa, suka sami santimita 7,5. Sandar fili ta ninka ta takarda sau goma. Inuwarta santimita 75 ke nan.

Haka aka yi wa ranar 21 ta kowane wata. An ƙidaya kwanaki daga 1 ga Oktoba. Duk abin da yake kudu an sa masa alamar ɗebewa.

Wata | kwana na nawa | lambar rana | inuwa
Oktoba | 21 | −10,7 | 45
Nuwamba | 52 | −19,9 | 66
Disamba | 82 | −23,4 | 75
Janairu | 113 | −19,9 | 66
Fabrairu | 144 | −10,6 | 45
Maris | 172 | 0,2 | 24
Afrilu | 203 | 11,9 | 3
Mayu | 233 | 20,2 | −12
Yuni | 264 | 23,4 | −17
Yuli | 294 | 20,4 | −12
Agusta | 325 | 12,1 | 3
Satumba | 356 | 0,7 | 23

Yanzu aji yana da jerin lambobi biyu: na awo da na lissafi. Amma kwanakinsu ba ɗaya ba ne. Ba a iya aza 28 ga Oktoba kusa da 21 ga Oktoba a ce an gwada. Sai an zana su wuri ɗaya.

4. Zane bisa takarda

Yara suka buɗe tsakiyar littafi mai gidaje-gidaje. Suka ja layi kwance na kwanaki: gida ɗaya, kwana 10. Suka ja layi tsaye na tsawon inuwa: gida ɗaya, santimita 5. Ba su aza layin kwance a can ƙasan takarda ba. Sun bar gida huɗu ƙarƙashinsa saboda inuwar kudu.

Suka fara da lissafi. Kwana na 21, santimita 45: ɗigo ɗan ƙarami da fensir. Kwana na 52, santimita 66: wani ɗigo. Da goma sha biyun suka cika, suka haɗa su da layi mai lanƙwasa, a hankali, ba da ma'auni ba. Layin ya hau kamar tozon sa a Disamba, ya gangara, ya ƙetare layin kwance a ƙarshen Afrilu, ya nutse a Yuni, ya sake fitowa a Agusta.

Sa'an nan suka ɗauki jan biro. Kowane awo suka yi masa babban ɗigo a kan kwanansa: 28, 45, 73, 108, 136.

Wani yaro ya ɗauki ma'auni zai haɗa jajayen ɗigo. Malam ya riƙe hannunsa, ya ce: "Tsakanin 14 ga Nuwamba da 12 ga Disamba, ka auna wani abu?"

Yaro ya ce: "A'a, Malam."

"To, kada ka ja layi inda ba ka auna ba. Lissafi yana da amsa ga kowace rana, shi ya sa ake yi masa layi. Awo yana da amsa ga ranar da aka fita fili kawai, shi ya sa ake barinsa ɗigo."

5. Zane cikin kwamfuta

Shugaban makaranta yana da kwamfuta ta hannu, wadda yake cajinta a gari ranar kasuwa. Ya kawo ta aji. A cikinta akwai shafin lissafi. Shafi ne mai gidaje kamar littafin yara, amma gidajensa suna yin lissafi da kansu. Na farkon irinsa da ya bazu, mai suna VisiCalc, ya fito a 1979. Waɗanda aka fi sani su ne Excel, da LibreOffice Calc wanda ake samu kyauta. Jeren tsaye yana da harafi: A, B, C. Jeren kwance yana da lamba: 1, 2, 3. Sunan kowane gida harafi ne da lamba, kamar C2.

Ga yadda aji ya yi a cikin Excel mai Faransanci:

Na ɗaya. A jeren kwance na 1 aka rubuta sunayen jere. Daga na 2 zuwa na 13 aka sa wata a A, kwana a B, lambar rana a C.

Na biyu. A gidan D2 aka rubuta: =100*TAN(RADIANS(13,6-C2)). 100 tsawon sanda ne. 13,6 lambar gari ce. TAN yana yin aikin da yara suka yi da ma'aunin kusurwa. RADIANS yana mai da digiri irin awon kusurwa da na'ura take ganewa. Aka kama kusurwar gidan aka ja har D13. Nan take inuwa goma sha biyu suka fito.

Na uku. Aka rubuta awon yara gefe guda: kwana a F, santimita a G.

Na huɗu. Aka zaɓi B da D. Aka taɓa "Insertion", aka ɗauki zanen da ake kira "Nuage de points", mai layi mai lanƙwasa.

Na biyar. Aka taɓa "Sélectionner des données", sa'an nan "Ajouter". Aka nuna wa na'ura F a matsayin X, watau kwance, G a matsayin Y, watau tsaye.

Na shida. Aka cire ɗigo daga layin lissafi, aka cire layi daga ɗigon awo. Aka rubuta "kwana daga 1 ga Oktoba" a ƙasa, "inuwa da santimita" a gefe. Zane maras suna da ma'auni kamar buhu ne maras shaida a tasha: ba a san abin da ke ciki ba.

Tarko biyu ne a nan. Akwai wani zane mai suna "Courbes". Shi ba ya duba lambar kwana a jeren B da F. Yana jera ɗigo da tazara ɗaya, na farko kusa da na farko, na biyu kusa da na biyu, sai awon 28 ga Oktoba ya zauna wurin 21 ga Oktoba. Tarko na biyu waƙafi ne. Na'urar da aka saita da Faransanci tana karɓar 13,6. Wadda aka saita da Ingilishi tana son 13.6. Idan aka yi kuskure, ba ta ɗauka lamba ce ba.

Zanen na'ura ya fito daidai da na takarda. Bambancinsu sauri ne kawai.

6. Ɗigon da ya bar layi

Ɗigo huɗu sun zauna bisa layi ko dab da shi. Na biyar, na 13 ga Fabrairu, ya tsaya shi kaɗai can sama. Lissafi ya ce 51. Littafin aji ya ce 59.

Kowa ya juya ya dubi wata yarinya da ke zaune a layin gaba. Ita ta yi awon ranar. Wani yaro ya ce: "Ba ta fita ba, a ka ta ƙago shi." Shugaban aji ya ce: "Malam, mu goge 59 mu sa 51. Idan iyayenmu suka ga wannan ɗigo za su ce ba mu iya kome ba."

Yarinya ta sunkuyar da kai, hawaye ya cika mata ido.

Malam ya ce: "Ba mai taɓa lambar nan. Idan kuna goge duk awon da ya saɓa wa lissafi, mi ya sa kuka sha rana tun Oktoba? Da sai ku kwafe lissafin ku zauna inuwa." Ya juya wajen yarinyar: "Ɗiyata, tashi ki gaya mana yadda kika yi."

Ta ce: "Malam, ranar kun tafi taron malamai. Kun rubuta a allo da Faransanci a auna inuwa à midi. Na tsaya wajen mai gadi har wayarsa ta nuna ƙarfe 12 daidai. Na auna sau biyu, 59 na samu."

"Kin kafa tsinkaye?"

"A'a, Malam. Na ga tunda akwai agogo, ba sai na yi ta kafa tsinke ba."

Malam ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Ashe rabin laifin na allona ne. Za mu gwada mu gani."

Ranar 20 ga Fabrairu duk aji ya fita da agogo da tsinkaye. Ga abin da suka samu:

Ƙarfe 12 daidai: santimita 54
Ƙarfe 12 da rabi: santimita 48
Ƙarfe 1 daidai: santimita 46
Ƙarfe 1 da rabi: santimita 48

Inuwa mafi gajarta 46 ce, kuma ɗigonta ya hau layi sosai. Ta ƙarfe 12 ta fi ta da santimita 8. Daga 51 zuwa 59 ma santimita 8 ne. Yarinya ba ta ƙaga kome ba. Awonta gaskiya ne, lokacin ne bai yi ba. Yaron da ya zarge ta ya ba ta haƙuri gaban aji. Aka bar ɗigon a wurinsa, aka rubuta kusa da shi: "An auna da ƙarfe 12 na agogo."

7. Agogo daban, rana daban

Duniya tana juyawa digiri 360 cikin awa 24. Digiri 15 ke nan a awa ɗaya, ko digiri ɗaya cikin minti 4. Rana tana riga kai tsakar ka a garuruwan gabas kafin na yamma. Amma ba a iya ba kowane gari agogonsa. Nijar duka, daga Difa har Tilaberi, agogo ɗaya take bi, haka ma Nijeriya. An daidaita shi da layin digiri 15 gabas, wanda ya bi ta kusa da Njamena, babban birnin Cadi.

Dogondutsi yana digiri 4 gabas. Tsakaninsa da wancan layi digiri 11 ne. 11 × 4 = minti 44. Saboda haka rana tsaka a ƙasar Arewa tana zuwa wajen ƙarfe 12 da minti 44. Bayan wannan, rana takan yi gaba ko baya da kamar minti 15 cikin shekara, don hanyar da duniya take bi ba da'ira ce sosai ba, kuma a karkace take. A farkon Nuwamba rana tsaka tana zuwa wajen 12 da minti 28. A tsakiyar Fabrairu sai wajen 12 da minti 58. Yarinya ta yi awonta kusan awa guda kafin lokaci, a watan da tazarar ta fi yawa.

Da ta ba kakanta labari, ya ce shi bai yi mamaki ba. Tun kafin agogo ya shigo gari, masu kiran salla da inuwa suke gane azahar: sai ta gama raguwa ta fara komawa gabas.

8. Yadda ake karanta tazara

Malam ya rubuta abu uku a allo.

Idan ɗigo suna kewaye da layi, wasu sama kaɗan, wasu ƙasa kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Bakin inuwa ba shi da kaifi, ƙasa tana da ɗan tudu, ido yana kuskure. Santimita ɗaya ko biyu ba kome.

Idan ɗigo ɗaya ya yi nisa shi kaɗai, wani abu ya faru ranar. A tambayi mai awo, a sake gwadawa. Ba a goge shi.

Idan ɗigo duka suka koma gefe ɗaya, a duba sanda: ko ta karkata, ko ta nutse. Idan sanda lafiya take, a duba lissafin. Wataƙila an sa lambar wani gari. Na'ura ba ta san inda makaranta take ba, abin da aka ba ta take tauna. Layi ma yana iya zama mai kuskure, kuma ɗigo ne suke tona shi.

9. Ranar da inuwa ta ɓace

Aji ya duba inda layi ya ƙetare layin kwance: wajen kwana na 208, watau 26 ga Afrilu. Lissafi ya ce ranar sanda ba za ta yi inuwa ba. Yara suka gaya wa iyayensu tun da sauran wata biyu. Wasu suka ce sai sun gani.

Ran nan, cikin zafin bazara, mutane suka taru a fili. Inuwa ta yi ta raguwa. Wajen ƙarfe 1 saura kwata ta shige gindin sanda, saura kamar santimita ɗaya. Yara suka duba ƙafafunsu, kowa yana tsaye bisa inuwarsa. Aka leƙa rijiya, aka ga rana a cikin ruwa. Dattijon nan ya ce: "Lalle rana ba ta ƙarya."

Sauran awon shekara ya tafi haka:

13 ga Maris: awo 29, lissafi 30
26 ga Afrilu: awo 1, lissafi 0
15 ga Mayu: awo −9, lissafi −9
12 ga Yuni: awo −16, lissafi −17

Kafin babban hutu aka kira taron iyaye. Aka kafa zanen a bango. Yarinyar nan aka ba sanda ta yi bayani. Ta ce daga wajen 26 ga Afrilu zuwa wajen 16 ga Agusta, kwana 112, rana tsaka tana arewa. Lokacin noma ke nan, don haka manomi ya faɗi gaskiya. Amma ko a lokacin ba ta wuce digiri 10 daga tsakar ka. Sauran kwana 253 tana kudu, kuma a Disamba tana kai digiri 37. Watannin lambu, lokacin da ake bukatar fanfo, duk rana kudu take. Farantin da ya dubi gabas zai sami safiya, ya rasa maraice. Wanda aka shimfiɗa kwance zai tara ƙura.

Taro ya yarda a fuskantar da faranti kudu, a ɗaga bayansa wajen digiri 15, kusa da lambar gari. Wani ya tambaya yaya za a gane kudu sosai. Shugaban aji ya ce: "Inuwar rana tsaka tana kwance bisa layin kudu da arewa. Mun riga mun ja shi a fili."

Ƙarin sani

Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani Bagirke mai suna Eratosten yana shugabancin ɗakin littattafai na Iskandariyya, a Masar. Ya ji cewa a garin Siyen, wanda yau ake kira Aswan, akwai ranar da sanda ba ta inuwa da rana tsaka. A wannan rana ya sami karkatar rana a Iskandariyya digiri 7,2, watau kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya sami kewayen duniya. Awon zamani ya ba da wajen kilomita 40 000.

Kalmomi

awo: la mesure
layin lissafi: la courbe théorique
shafin lissafi: le tableur
gida: la cellule
lambar gari: la latitude
lambar rana: la déclinaison du soleil
layin tsakiyar duniya: l'équateur
ma'aunin kusurwa: le rapporteur

Tambayoyi

1. Mi ya sa aka duba sanda da zaren magini?
2. Don mi ake yi wa lissafi layi, a bar awo ɗigo?
3. Wace shawara shugaban aji ya bayar game da lamba 59? Mi ya sa Malam ya ƙi?
4. Da an goge lambar, wane abu ne aji ba zai koya ba?
5. A waɗanne watanni inuwar rana tsaka take faɗuwa kudu a Dogondutsi?
6. A Agusta ma inuwa tana ɓacewa. Mi yake hana a gan ta sau da yawa?

Aiki

1. Ku kwafe jerin lissafi, ku zana layinsa, ku aza ɗigon awo goma na wannan darasi.
2. Tibiri yana kudu da Dogondutsi, wajen digiri 13,1. Ku nemi karkatar rana a can ranar 21 ga Disamba. A Afrilu, wane gari ne zai riga rasa inuwa?
3. Agadas yana digiri 17, Gaya yana digiri 11,9. Da ma'aunin kusurwa, ku nemi inuwar sanda mai santimita 100 a kowanensu ranar 21 ga Disamba. Idan da kwamfuta, wace lamba za a sake a gidan D2?
4. Damagaram yana digiri 9 gabas. Minti nawa ne tsakanin rana tsakarsa da ta Dogondutsi?
5. Lokacin hutu, ku kafa sanda a gida, ku auna inuwa ranar 21 ga Yuli da ranar 21 ga Satumba. Ku rubuta lokacin da kuka yi awon. Ku kawo lambobin aji yadda kuka same su.

A riƙe

Awo ɗigo ne, lissafi layi ne. Ana zana su wuri ɗaya, da ma'auni ɗaya, kowane ɗigo a kan kwanansa. Idan sun saɓa, a nemi dalili a fili, a sanda, a agogo, a lissafi. Ba a gyara awo don ya bi layi.